Kwana biyu a Akkara: ta ina za mu fara ganin wuraren tarihi?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Zariya ya rubuto cewa za su je Akkara, babban birnin Ghana, ɗaurin auren ƙanen matarsa a unguwar Nima. Tafiyar ta mutum uku ce: shi, da mahaifinsa mai shekara 70 da ɗoriya, da ɗansa ɗan sakandare. Bayan an watse biki suna da kwana biyu a hannu. Yana son sanin wuraren tarihin da suka cancanci a je, da inda ya kamata a fara. Ya ƙara da cewa Baba yana ɗari-ɗari, yana cewa shi bai yi doguwar tafiya don kallon gumaka ba.

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a auren, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na daɗe ina koyar da tarihi a garin nan, kuma da wuya baƙo ya sauka gidana daga Najeriya ko Nijar ban zagaya da shi ba, saboda haka abin da zan faɗa maka ƙafata ta taka shi sau da yawa.

Kwana biyu sun isa, muddin ba ku ce sai kun ga komai ba. Akkara (tsofaffinmu na zango Ankara suke cewa, kada ka ɗauka birnin Turkiyya suke nufi) gari ne mai faɗi da cunkoson motoci, amma mafi yawan abin da kake nema yana jere ne a bakin teku, daga unguwar Jamestown a yamma zuwa ganuwar Osu a gabas, tsakanin da bai wuce kilomita 4 zuwa 5 ba. Kuskuren da baƙi suke yi shi ne su ce wa direba "kai mu wajen tarihi". Shi kuwa sai ya zarce da su kabarin Nkrumah, shugaban Ghana na farko, a ɗauki hoto, a wuce ƙofar Baƙin Tauraro, a ɗauki hoto, kafin azahar an koma masauki. An ga marmara da tagulla, amma ba a san me ya sa aka kafa su a nan ba. Wuraren nan labari ɗaya suke bayarwa, kuma yana da farko da tsakiya da ƙarshe. In ka fara daga kabarin, ka fara littafi daga shafin ƙarshe ke nan.

Ku fara da Jamestown, kuma ku yi sammako. Ku bar Nima da zarar gari ya waye, kafin ma'aikata su cika hanya. Ka tuna agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Jamestown ita ce tsohuwar Akkara, unguwar ƙabilar Ga, masu garin. Za ka fara hango hasumiya mai zanen ja da fari, wadda fitilarta ke yi wa jiragen ruwa jagora. Ta yanzu ginin shekarun 1930 ce, ta maye gurbin wata ta 1871. Kada ka bar Baba ya ce zai hau, matakalar ƙunci gare ta. A gefenta akwai ganuwar James, wadda Ingilishi suka gina a 1673, kaɗan gaba kuma ganuwar Ussher, wadda mutanen Holan suka gina a 1649. Ta uku tana can Osu, ta mutanen Denmak. Ka tsaya ka sa ɗanka ya lura da wannan: ƙasashen Turai uku, kowacce da ganuwarta da igwoginta, a bakin ruwan da mutum zai iya takawa da ƙafa cikin awa ɗaya. Ba don son iskar teku suka zo ba. Zinariya ta fara kawo su, daga baya cinikin bayi ya zama babbar hajar. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya tun 1979.

Abin da nake so ya zauna a kan yaron shi ne, ganuwar James ba ta daina tsare mutane ba bayan an hana cinikin bayi. Gidan yari aka mai da ita, kuma ta ci gaba da zama gidan yari har 2008. A cikinta Turawa suka kulle Kwame Nkrumah a 1950, saboda yajin aiki da bijirewar da ya jagoranta. Yana ciki aka yi zaɓen Fabrairun 1951, ya tsaya takara daga ɗakin kaso, ya lashe kujerar Akkara, jam'iyyarsa ta CPP ta yi rinjaye. Gwamna Arden-Clarke bai ga wata mafita ba, ya sake shi ranar 12 ga Fabrairu, ya kira shi ya kafa gwamnati. Daga nan 'yan jam'iyyar da suka sha ɗauri suka riƙa sa hula mai haruffa biyu, PG, wato waɗanda suka yi digiri a kurkuku. Ginin ya tsufa ƙwarai, wani lokaci a buɗe wani lokaci a rufe, amma ko daga waje ka tsaya ka ga kaurin bangon ka amfana.

Kana sauka daga mota samari za su taso, kowa yana cewa shi ne ɗan jagora. Wasunsu sun san unguwar kamar tafin hannunsu, wasu kuwa tatsuniya za su shirya maka. Ku yi ciniki ku gama kafin ku ɗaga ƙafa, ka faɗi kuɗin da bakinka a ji, kuma ka tabbatar na mutum uku ne gaba ɗaya. Na taɓa sakaci da wannan, muka gama yawo mutumin ya ce ai farashin na kowane kai ne, har da jaririn da ke goye. Kada kuma ka ɗaga waya a fuskar masunta ko matan da ke banda kifi ba tare da izini ba. Gidansu ne, ba gidan kallo ba. In ranar Talata ce za ka tarar da kwale-kwale a jere a bakin gaɓa, domin masuntan Ga ba sa shiga teku ranar. Nan kusa unguwar Bukom take, mahaifar 'yan damben zamani, inda Azumah Nelson da Ike Quartey suka fito. In yaron mai son wasanni ne, wannan kaɗai zai riƙe shi. Akwai kuma wata tsohuwar kasuwa a yankin mai suna Salaga. Duk Bahaushen da ya san zancen fataucin Gwanja ya san sunan nan, ya kuma san ba goro kaɗai ake saye da sayarwa a Salaga ta arewa ba. Wannan ɓangaren tarihin har da mu a ciki, ta fuska biyu, kuma gara yaro ya ji shi daga bakin ubansa.

Daga Jamestown ku shiga mota ku bi babban titin bakin ruwa zuwa gabas. Za ku wuce makwancin Nkrumah a hannun dama. Kada ku tsaya, za ku dawo. Ku zarce Dandalin Baƙin Tauraro, ka ce wa direba Independence Square. Ku isa kafin ƙarfe 10. Ina nanata wannan ne saboda wata shekara na kai wani dattijo baƙo da tsakar rana, na manta cewa filin siminti ne fetal babu inuwa ko ta kara. Zafin Akkara ba irin na Zariya ba ne, mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa. Kafin mu kai tsakiyar fili jiri ya ɗebe shi, sai da muka zaunar da shi a ƙarƙashin rumfar 'yan kallo muna yi masa fifita da jarida. Laifina ne, ba na kowa ba. Ku riƙe ruwa da lema.

An kammala filin a 1961, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Ghana, kuma an san shi da faretin ranar 'yanci, 6 ga Maris. Ƙofar da kake gani a hotuna, mai baƙin tauraro a samanta da rubutun 1957 da kalmomin 'yanci da adalci, tana tsakiyar shataletale ne a gefen filin. Kowa a nan yake ɗaukar hoto, ku ma ku ɗauka. Amma abin da ya kawo ku yana gefe, kuma yawancin baƙi ba sa ko waiwayarsa: wurin tunawa da 'yan mazan jiya uku.

Ga yadda abin ya faru. Sojojin wannan ƙasa, lokacin tana Gold Coast, sun yi wa Ingila Yaƙin Duniya na Biyu, har Bama (ƙasar Burma), kafaɗa da kafaɗa da kakanninmu na Najeriya. Suka dawo, alkawuran da aka yi musu na fansho da aiki suka bi iska, kaya kuma suka yi tsada a kantunan Turawa, har wani basaraken Ga, Nii Kwabena Bonne, ya jagoranci ƙaurace wa kayan kantunan a farkon 1948. Ranar 28 ga Fabrairun shekarar, tsofaffin sojojin suka jeru ba makami, suka nufi ganuwar Osu don miƙa wa gwamna takardar koke. A mararrabar da ke kusa da filin nan 'yan sanda suka tare su. Baturen da ke jagorantar 'yan sandan, Imray, ya buɗe wuta da hannunsa. Mutum uku suka faɗi: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da farabiti Odartey Lamptey. Gari ya kama da wuta, aka fasa kantuna kwana da kwanaki. Turawa suka kama shugabannin siyasa shida, waɗanda hotonsu ke jere a takardun kuɗin sidi da za ka canza: Nkrumah, J. B. Danquah, Ako Adjei, Edward Akufo-Addo, Obetsebi-Lamptey da William Ofori Atta. Kwamitin binciken da aka turo daga Landan ya ce dole a sake tsarin mulki. Daga wannan harbi zuwa saukar da tutar Ingila shekara 9 ce kacal. Titin da kuka biyo ma sunansa ke nan, titin 28 ga Fabrairu. Ka ciro takardar sidi a wurin ka nuna wa yaron fuskokin, ya fi duk wani bayani da zan rubuta maka. Ina kuma kyautata zaton a nan Baba zai buɗe baki, don da wuya a sami dattijon Zariya da bai san wani ɗan mazan jiya da ya je Bama ba.

Abu ɗaya game da hoto: duk inda ka ga soja a tsaye, a filin nan ko a hanyar ganuwar Osu ko gaban fadar shugaban ƙasa, ka gaishe shi ka tambaya kafin ka ɗaga waya. In ya ce a'a, a'a ɗin ce.

Tsallaken titi akwai babban filin ƙwallo na Akkara. A harabarsa akwai wurin tunawa da mutum 126 da suka rasu ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, lokacin da aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo aka yi turmutsutsu a matakala. Na ambace shi ne don a Nima za ku sauka, kuma unguwar ta yi rashin matasa a ranar. In zancen ya taso a gidan biki, ka san inda ake nufi.

Ganuwar Osu kuwa kana hango ta daga filin, fara fat a kan dutse, teku na dukan gindinta. Mutanen Denmak suka gina ta a shekarun 1660, suka sayar wa Ingila a 1850. Labarin da na fi so game da ita na 1693 ne: wani mutumin Akwamu mai suna Asameni ya shigo da mutanensa da sunan sun zo sayen bindigogi, suka ƙwace ganuwar, ya zauna a kujerar gwamna yana ciniki da jiragen Turawa kusan shekara guda. Da ya sayar musu da kayansu ya riƙe makullan, kuma har yau suna hannun masarautar Akwamu. Daga baya nan ne mazaunin gwamnonin Ingila, bayan an dawo da hedikwata daga Cape Coast zuwa Akkara a 1877, sannan fadar shugabannin Ghana har 2013. A 2017 aka ce an mai da ita gidan tarihin shugabanni. Shigarta ba ta da tabbas, sai ka sa surukanka su bincika ranar da ake buɗewa. In an dace, a shiga a ga ɗakunan ƙarƙashi inda ake tsare bayi, a sama kuma ɗakin ibadar Turawan. In ba a dace ba, kada ka ɓata rabin yini a bakin ƙofa.

Da azahar ku nemi inuwa. Ko ku koma Nima ku yi salla ku huta, ko ku shiga gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Barnes, wanda aka buɗe ranar 5 ga Maris 1957, jajibirin 'yanci, aka kuma sake buɗe shi a 2022 bayan dogon gyara. Ba babba ba ne, awa ɗaya ta isa. Zancen abinci ba zai ba ku wahala ba. Shinkafa da waken da duk Ghana ke ci da safe sunanta waakye, kalmarmu ce ta wake aka lanƙwasa, kuma yawancin masu sayar da ita Hajiyoyin zango ne. Haka koko da ƙosai, haka tuwon zafi. A gidajen abinci na Osu da bakin ruwa dai ka tambayi naman da aka sa, don ana cin alade a garin.

Bayan la'asar, sai makwancin Nkrumah. Ka tabbatar da lokacin rufewa tun da safe, kuma ka sani kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Yanzu da kun ga kurkukun da mararrabar, filin zai yi muku magana. Da can filin wasan folo ne na Turawa, inda baƙar fata ba ya shiga sai dai in aiki ya kawo shi. Da gangan Nkrumah ya zaɓe shi. Tsakar daren da ya shiga 6 ga Maris 1957 ya hau dandamali a nan ya ce yaƙi ya ƙare, Ghana ta 'yantu har abada, ya kuma ce 'yancin ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da 'yantar da Afirka baki ɗaya. Ka dubi hoton daren da kyau. Shi da abokansa ba kwat suka sa ba, ba kuma kente na sarakunan kudu ba. Rigar saƙi ce ta mutanen arewa, wadda ake kira batakari, tufar talaka da ɗan ci-rani. Mutum-mutumin tagullar da ke nuna gaba da hannu an kafa shi ne a inda ya tsaya.

Ginin kabarin an lulluɓe shi da marmara, da baƙin tauraro a ƙololuwa. Wasu za su ce maka siffar takobi ce da aka kifa, alamar zaman lafiya a al'adar Akan, wasu su ce kututturen bishiya ce da aka sare tana tsakiyar girma. Ni na fi karkata ga ta biyu, don ta fi kama da rayuwar mai kabarin. Sojoji sun kifar da shi ranar 24 ga Fabrairun 1966 yana kan hanyar zuwa Hanoi, makonni shida bayan kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna a Najeriya. Sekou Toure ya karɓe shi a Gini. Bai sake taka Ghana da rai ba, ya rasu a Bukares ta Romaniya ranar 27 ga Afrilun 1972. An kai gawarsa Konakiri, daga nan aka kai ta ƙauyensu Nkroful, sai a 1992, zamanin Rawlings, aka dawo da ita nan. Matarsa Fathia, 'yar Masar, da ta rasu a 2007, tana kwance kusa da shi. An yi wa wurin gagarumin gyara aka sake buɗewa a Yulin 2023. A ɗakin kayan tarihin akwai littattafansa da hotunansa da shugabannin duniya da akwatin da aka fara binne shi a ciki, a harabar kuma motarsa da bishiyoyin da manyan baƙi suka dasa.

Akwai abu guda a bayan kabarin da nake roƙon ka kai Baba ya gani, ko da ya ƙi kallon sauran. Mutum-mutumin Nkrumah ne da ba kai, hannu ɗaya a karye. Shi ne wanda yake tsaye a gaban tsohuwar majalisa lokacin yana kan mulki. Da aka yi juyin mulki jama'a suka tumɓuke shi suka farfasa. Kan ya ɓace shekaru masu yawa kafin a dawo da shi, yanzu yana ajiye a kan wani ɗan dandamali a gefen gangar jikin, ba a manna shi ba. Mutanen da suka yi ta kabbara da sunansa a 1957, a cikinsu aka sami masu rawa a titi a 1966. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, hukuncin sassaƙa sai Baba ya tambayi malamansa. Abin da zan iya shaida shi ne babu wanda zai ce ku rusuna ko ku ajiye fure, kuma mafi yawan abin da na lissafa bango ne da fili da ɗakin kaso da kabari. Shi ya fi ni sanin ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. In duk da haka ransa bai kwanta ba, akwai kujeru a inuwa, ya zauna da carbinsa ku shiga ku fito. Kada ka matsa masa.

Sai dai ka sani, wurin tunawa yabo aka gina shi ya yi, ba shari'a ba. Za a nuna maka madatsar ruwa ta Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema da makarantu, kuma duk gaskiya ne. Ba za a tsaya a kan dokar 1958 ta tsare mutum ba tare da shari'a ba, wadda a ƙarƙashinta Danquah, abokin gwagwarmayarsa na cikin mutum shidan nan, ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Ba za a ce maka a 1964 an mai da ƙasar ta jam'iyya ɗaya ba. Wanda ya fi shafar mu: a shekarar 'yancin kanta, 1957, gwamnatinsa ta kori manyan zangon Kumasi biyu zuwa Najeriya, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, saboda suna tare da 'yan adawa. A ɗaya hannun kuma shi ne ya ba Djibo Bakary da 'yan jam'iyyarsa ta Sawaba na Nijar mafaka. Saboda haka in ka ji dattawan zango sun rabu biyu a kansa, kowa da hujjarsa. Garin ma kansa bai gama yanke hukunci ba: Danquah yana da nasa shataletalen a Osu, kuma filin jirgin saman birnin ya shafe shekaru da dama yana ɗauke da sunan Kotoka, ɗaya daga cikin sojojin da suka kifar da Nkrumah, abin da aka daɗe ana muhawara a kai.

Rana ta biyu kada ka cika ta. Da safe, in an tabbatar maka a buɗe yake, ku je gidan Du Bois a unguwar Cantonments. Baƙar fatar Amurka ne, masani, wanda ya kwashe rayuwarsa yana faɗa da wariyar launin fata. Nkrumah ya gayyato shi a 1961 don ya jagoranci rubuta kundin ilmin Afirka, ya rasu a nan ranar 27 ga Agustan 1963 yana da shekara 95, kwana ɗaya kafin babban gangamin baƙaƙen fata a Washinton. Kabarinsa da ɗakin karatunsa suna gidan. Malamin makaranta zai ji daɗinsa, Baba wataƙila ya yi hamma. Minti 40 sun isa.

Daga nan sai babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda yake maƙwabtaka da Nima, kuna iya ma hango hasumiyoyinsa huɗu daga gidan biki. Wata gidauniyar Turkiyya ta gina shi a kan fasalin masallatan Usmaniyya na Istanbul, aka buɗe shi a Yulin 2021, yana ɗaukar mutum kusan 15,000. In ranarku ta faɗo Juma'a, ku je da wuri. Babban limamin ƙasar, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen 1919 ne, kuma girman da Kirista da Musulmi suke ba shi a Ghana abu ne da sai ka gani da idonka.

Sauran yinin, in da ni ne, a zango zan ƙarar da shi, domin tarihin Hausawa a birnin nan ba a sassaƙa shi a dutse ba, yana bakin mutane. Mun shigo ta hanya biyu. Akwai fatake da malamai da suka biyo hanyar goro. Akwai kuma sojoji: Hausawan da Kyaftin Glover ya ɗebo daga Legas suka yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, daga irinsu aka kafa rundunar ƙasar a 1879, shi ya sa Hausa ta daɗe tana harshen bariki a nan. Sabon Zango, a yammacin gari, Malam Baƙo ɗan Malam Na-Inno ya kafa shi a farkon ƙarni na 20, zuriyarsa ke riƙe da sarautar. Nima kuwa ta taso ne a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. Ko garin Kasoa da ke hanyar Cape Coast, kasuwa ce aka faɗa da bakin mutanen nan. Ka roƙi surukanka su haɗa ku da wani dattijo a Sabon Zango ko a Nima, ku je gaisuwa bayan la'asar. Ka bar Baba ya ja zancen, tsoho da tsoho sun san ta inda ake farawa. Za ku ji labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, gidaje suka rabu, wasu da aka haifa a nan suka tafi Kano da Sakkwato da ba su taɓa gani ba. Su ma za su tuna muku 1983, da Najeriya ta rama. Ka ja kunnen yaron tun a gida: Hausar zango ba ta rarrabe namiji da mace yadda tamu take yi, zai ji an ce "matata ya zo". Kada ya yi dariya, kada ya gyara wa kowa. In Laraba ce, ku ratsa kasuwar Nima, ranar cinta ke nan.

Cape Coast da Elmina, inda manyan ganuwoyin bayi suke, kada ka cusa su cikin kwana biyun nan. Tafiyar awa uku ce ko fiye a kowace fuska, ga tsoho a mota. A bar su sai wani zuwan.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ku riƙe fasfo da katin rigakafin shawara na kowa, har yaron, don ana tambaya a filin jirgi da kan iyakar Aflao. A cikin gari ku ɗauki mota ta waya, Bolt ko Uber, ko ku yi shatar tasi na yini. Ƙananan bas ɗin da suke kira trotro suna da arha, amma ba na gwiwar Baba ba ne. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwan sama yana iya tsayar da gari cak, sai ka bar sarari a lissafinka. Rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, ba ta jira.

Tsarabar dattijon da za ku gaisar, kada ka ce goro za ka kai masa, daga wajensu yake zuwa mana. Ka riƙo masa hula mai kyau ta aikin hannu da turaren wuta daga kasuwar Zariya.